Ranar da Na-Ji Bai Ji Ba

Sunansa na gaskiya yana nan a jikin katin aikinsa, amma ko manajan filin jirgin sai ya leƙa katin kafin ya tuna. Na-Ji kowa ke ce masa, kuma mahaifiyarsa ce ta laƙaba masa tun yana ɗan ƙarami. In ta kira shi za ta aike shi, kafin ta kai rabin magana ya ce, "Na ji," ya zura da gudu. A aike shi sabulu ya dawo da gishiri, a ce ya kira kawunsa ya taho da maƙwabci. Ba kurma ba ne, ba kuma rashin kunya ba ce. Shi dai Allah ya yi shi da saurin fahimta, har yakan fahimci abin da ba a kai ga faɗa ba.

Da wannan baiwar ya samu aiki. Wata rana ya ji ana sanarwa a rediyo cewa ana neman matasa a hukumar jiragen sama, bai tsaya jin ƙarashen ba ya zari takardunsa ya fita. Kafin yamma duk unguwa ta san zai zama matuƙin jirgi. Sai da ya yi makonni a makarantar horo yana jiran a nuna masa jirginsa, sannan ya gane cewa kujerar da ake shirya masa ba ta tashi sama. A hasumiya zai zauna, ya riƙa gaya wa matuƙa inda za su bi da lokacin da za su sauko. Ya ji kunya ƙwarai, amma mahaifiyarsa ta rufa masa asiri. Har ta bar duniya, duk wanda ya tambaye ta aikin ɗanta sai ta ce, "Jirgi yake tuƙawa, amma da baki."

A makarantar an koya musu ƙa'ida guda da aka ce ita ce uwar aikin. Ka ba matuƙi umarni, shi ya maimaita maka abin da ya ji, kai kuma ka kasa kunne ka tabbatar abin da ya maimaita shi ne abin da ka faɗa. Na-Ji ya haddace ta tsaf, ya zo na ɗaya a jarrabawa, aka tura shi wani ƙaramin filin jirgi da ke da titin sauka guda ɗaya da wani dutse zaune a gabas da shi.

Hasumiyar ɗaki ne na gilashi a ƙarshen wani dogon bene. Lif ɗin, wato na'urar da ke hawa da mutane sama, ya daɗe da mutuwa, har masu shara sun mai da shi wurin ajiye tsintsiya da bokiti. A ciki akwai fanka mai kuka, da butar shayi, da allon rada, wato na'urar da ke nuna inda kowane jirgi yake a sama. Ita ma radar an lulluɓe ta da ƙyalle ana jiran kayan gyara, kuma da yake samanta a baje yake, nan ake ɗora burodi. Abin da ya rage yana aiki shi ne rediyon magana da matuƙa, shi ma in hadari ya haɗu sai ya riƙa ƙara kamar ana suya.

Amma Na-Ji yana da murya. Kauri gare ta da natsuwa, irin wadda in fasinja zai ji ta sai ya gyara zama ya yi barci. Matuƙa suna yabonta, shi ma yana yabonta a ransa. Idan ya ba da umarni, matuƙi ya fara maimaitawa, shi kuma hankalinsa ya riga ya tafi wajen tsara jimla ta gaba, yadda za ta fito da daɗi. Da ya ji ƙarar ta tsaya sai ya ce, "Daidai." Shekaru suka yi ta wucewa ba abin da ya faru, domin galibi sama a washe take, matuƙa suna ganin titi da idonsu, ga shi jiragen ma ba su da yawa. Duk ƙarshen shekara manaja ya rubuta masa takardar yabo.

A gida ma haka matarsa take fama. Ita tela ce, kekenta yana falo kusa da taga.

"Maigida, ƙanenka ya bugo waya ya ce..."

"Na ji. Ki ce masa ba na nan."

"Ya ce matarsa ta haihu."

"To ai da sai ki faɗa tun farko!"

Yaransa kuwa ya kafa musu dokar hasumiya. In ya aike su sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Maimaita!" Su tsaya ƙyam suna maimaitawa, shi kuwa ya riga ya buɗe jarida. Babbar 'yarsa ta taɓa maimaita masa cewa za ta je kanti ta sayo giwa guda biyu, ya ce, "Daidai, ki yi sauri."

Ranar da abin ya faru, da ruwa aka wayi gari. Gajimare ya sauko ƙasa-ƙasa har ya haɗiye dutsen gabas, daga hasumiya ko ƙarshen titi ba a hange. A irin wannan yanayi matuƙi ba ya ganin komai ta gilashinsa sai fari fat. Na'urorin gabansa yake bi, da muryar mutumin hasumiya, har ya ɓullo ƙasan gajimare ya ga fitilun titi. Tunda rada ba ta aiki, shi ma Na-Ji bai san inda jirgi yake ba sai abin da matuƙi ya gaya masa.

Jirage biyu ne ke tafe ta gabas, na kamfanoni daban-daban, ɗaya a bayan ɗaya. Na gaba lambarsa huɗu-biyu-ɗaya, ya riga ya ƙetare dutsen. Na baya huɗu-ɗaya-biyu, shi bai kai dutsen ba tukuna. Wanda ke tuƙa na bayan wani tsohon matuƙi ne da kowa ke kira Kyaftin kawai, kamar babu wani kyaftin a duniya sai shi. Ya daɗe yana sauka a filin, yakan ce ko ido a rufe zai iya.

Ana cikin haka sai ga manaja ya hawo bene yana haki, da baƙi biyu daga hedikwata a bayansa. Sun zo duba yadda ake kiyaye lafiyar fasinjoji. Manaja ya yi wuf ya ɗauke burodin daga kan rada ya cusa a aljihun kwat, ya nuna Na-Ji ya ce, "Ga shi nan, ranku ya daɗe. Ku dai saurara."

Na-Ji ya gyara wuyan riga, ya ƙara wa murya kauri, ya danna maɓalli. Da Turancin aiki ake maganar, amma ma'anarta ita ce: "Huɗu-biyu-ɗaya, sauko zuwa ƙafa dubu biyu."

Rediyo ya yi ƙara a daidai kan lambar. Matuƙin jirgin gaba bai tabbata da shi ake ba, sai ya dakata. Kyaftin kuwa bai taɓa zaton za a yi magana a sama ba da shi ake ba. Nan take ya amsa, "Huɗu-ɗaya-biyu, ina saukowa ƙafa dubu biyu."

Na-Ji yana kallon baƙi ta wutsiyar ido, ya ga ɗaya yana gyaɗa kai. Ya ce, "Daidai."

Dutsen gabas ya fi ƙafa dubu biyu tsawo.

Manaja ya shiga yi wa baƙi bayanin yadda ake magana ɗaya a fahimci juna, ba ja-in-ja, ba ɓata lokaci. Yana cikin bayani rediyo ya sake buɗewa, wata murya daban ta ce cikin ladabi, "Hasumiya, huɗu-biyu-ɗaya ne. Har yanzu ina jiran izinin saukowa."

Na-Ji ya juyo da sauri ya dubi rediyo. In wannan yana jira, to wa ke saukowa? Ya damƙi maɓalli ya ƙwala ihu, duk kaurin murya ya gudu ya bar wata 'yar siririya da shi kansa bai san yana da ita ba. "Huɗu-ɗaya-biyu, hau sama! Hau sama yanzu!"

Sai dai a daidai lokacin shi ma Kyaftin ya danna nasa maɓallin yana ƙorafin cewa ba a gaya masa ƙarfin iska ba. In mutum biyu suka danna tare, babu mai jin wani. Wata irin ƙara ce kawai ta cika ɗakin kamar an taka wutsiyar kyanwa. Daga nan shiru. Na-Ji ya zuba wa farin gajimaren gabas ido. Ya sake kira, ba amsa. Ya tuna cewa jirgin safe yakan zo cike, har da mata masu goyo.

Can sai muryar Kyaftin ta fito, ita ma ba kamar yadda aka san ta ba. Ya ce yana hawa. Na'urar jirginsa ce ta kama ihu cewa ƙasa ta matso, ya ja jirgin sama da ƙarfin tsiya, har ya ga kawunan bishiyoyi sun wuce ta ƙarƙashin fiffike.

Ɗaya daga cikin baƙin ya tambayi manaja me ke faruwa. Manaja ya share gumi da hannun kwat ya ce, "Atisaye ne, ranka ya daɗe. Mukan yi shi ba zato ba tsammani." Baƙin suka ji daɗi ƙwarai, suka ce ba su taɓa ganin atisayen da ya yi kama da gaske haka ba.

Na-Ji ya saukar da jiragen biyu ɗaya bayan ɗaya, yana sa kowane matuƙi ya faɗi lambarsa har suka fara gundura. Fasinjojin Kyaftin suka fito suna mitar shayin da ya zube musu a riga, babu wanda ya san abin da ya tsallake. Kyaftin kuwa ya nufo hasumiya a fusace, amma benen ya cinye rabin fushin a hanya. Ya iso ya dafa ƙofa ya yi ta haki, sai da aka ba shi kujera da ruwa sannan ya samu bakin faɗa.

"Kai ka ce in sauko!"

"Ba da kai nake ba!"

"Na maimaita maka, ka ce daidai!"

"Ba ka faɗi lambarka ba!"

Suka yi ta yi a tare, babu mai jiran wani, har aka raba su.

Maganar ba ta ɓoyu ba, domin matuƙin jirgin gaba ya kai rahoto. Aka kafa kwamitin bincike, shugabansa wani dattijo mai ƙaunar jawabi. Aka zauna a ɗakin taro aka kunna faifan da ke naɗe duk maganar hasumiya. Na-Ji ya shigo da tabbacin cewa faifan zai wanke shi. Sai ya ji muryar Kyaftin tar, babu ko ƙara a kanta, tana cewa huɗu-ɗaya-biyu. Ya ji tasa muryar mai daɗi ta biyo baya tana cewa daidai. Ya nemi a sake kunnawa, aka sake, ba abin da ya canza. Ya sunkuyar da kai, ya rasa inda zai sa idonsa.

Aka kira mataimakin Kyaftin, wani mutum mai furfura da ya daɗe a kujerar dama yana jiran ƙarin girma. Ya ce shi kam ya ji lambar ba tasu ba ce.

Shugaba ya ce, "To me ka yi?"

"Na yi gyaran murya, ranka ya daɗe."

"Shi ke nan?"

"Sau biyu. Kyaftin ba ya son a yi masa gyara yana tuƙi. Wanda ya yi masa na ƙarshe yanzu jirgin kaya yake bi."

Na-Ji ya ɗaga hannu ya miƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya faru ta ɓangarena shi ne, lokacin da Kyaftin yake maimaitawa, ni..."

"Mun gane, mun gane," in ji shugaba. "Rediyo ne. Zauna, bawan Allah, kada ka damu kanka." Ya ɗora da labarin wani rediyo da ya taɓa ba shi wahala yana saurayi, labarin ya kai su har lokacin cin abinci.

Da rahoton ya fito, an raba laifin kashi uku: na ruwan sama, na rediyo, da na dutsen, wanda aka ce yana zaune a wurin da bai dace ba. An yaba wa manaja kan natsuwa. An yaba wa Na-Ji kan ihun da ya yi, duk da cewa ba matuƙin da ya ji shi. Aka ba da shawara a gwada kunnuwan Na-Ji da na Kyaftin, kamfanonin biyu kuma su canza lambobin jiragensu don kada su sake kama da juna.

Kamfanonin suka bi umarni ba musu. Kowanne ya zauna a ofishinsa ya zaɓi sabuwar lamba bai tuntuɓi ɗayan ba. Wannan ya koma shida-uku-biyar, wancan shida-biyar-uku.

A asibiti Na-Ji da Kyaftin suka haɗu kan benci ɗaya, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya. Likita ta shigar da su ɗaya bayan ɗaya wani ɗan ɗaki, ta sa musu abin ji a kunne, ta ce duk lokacin da suka ji ƙara su ɗaga hannu. Kyaftin ya riƙa ɗagawa tun kafin ta kunna. Da aka gama ta kira su tare ta dubi takardun.

"Kunnuwanku lafiya lau," in ji ta. "Har sun fi nawa. Matsalar dai ita ce..."

"Madalla," in ji Kyaftin, ya ɗauki hularsa ya fice.

Na-Ji har ya yunƙura zai bi shi, sai ya koma ya zauna. Ya haɗa hannuwa a cinya ya zuba mata ido. Likita ta dube shi, ta dubi ƙofa.

"Lafiya?"

"Ƙarashen nake jira, likita. Kin ce matsalar ita ce."

Ta yi dariya. "Wallahi ban shirya ƙarashen ba. Ba a saba tsayawa ba."

A bakin asibiti ya tarar da Kyaftin tsaye ruwa na dukansa, ya rasa tasi. Na-Ji ya rage masa hanya a motarsa. Da suka yi nisa sai Kyaftin ya ce, ba tare da ya dube shi ba, har yanzu in ya rufe ido yana ganin bishiyoyin nan. Na-Ji ya ce shi kuma shirun rediyon ne ke dawo masa. Daga ranar suka fara gaisawa.

Na-Ji ya koma aiki wani mutum daban. In matuƙi yana maimaitawa sai ya rufe ido ya dafe abin ji da hannu, in ya yi shakkar ko da rabin kalma ya ce a sake. Bai ƙara kula da daɗin murya ba. Nan da nan kamfanoni suka fara kai ƙara cewa yana ɓata musu lokaci da mai. Manaja ya kira shi ofis ya ce a da ba haka yake ba, ko wani abu na damunsa a gida? A shekarar ne karo na farko da bai samu takardar yabo ba.

Gida kuwa abin bai zo wa matarsa da sauƙi ba. Ashe shekara da shekaru ta saba, in ta ga ya daina saurare, sai ta ƙarasa maganar da abin da ke ranta. Wata safiya tana kan keke ta ce, "Maigida, in ka fita ka biya ka sayo mini zare baƙi, in dai wannan kan naka mai kama da tulu zai riƙe."

Ya sauke jarida a hankali. "Zare baƙi. Kai mai kama da tulu. Haka ne?"

Ƙafarta ta tsaya cak a kan keke. Ta ce, "Yaushe ka fara jin ƙarshen magana?"

"Tun yaushe kike faɗa?"

"Tun kafin a haifi babbar."

Yara suka fashe da dariya a ɗaki, domin su sun daɗe suna ji. Ya yi fushin rabin yini, da yamma ya dawo da zaren, baƙi kuwa. Ita kuma ta ɗauki lokaci tana koyon tsayar da magana inda ya kamata, takan ce auren ya ƙara wuya.

A shekara ɗaya suka yi ritaya shi da Kyaftin. Kyaftin ya sayi wata doguwar mota da bai iya juya ta ba, domin tsawon rayuwarsa direban kamfani ke kai shi ko'ina. Duk ƙarshen mako yakan zo hira gidan Na-Ji, su zauna a baranda da shayi, ya yi ta bayanin cewa da hukuma ta san aikinta da tuni an sare kan dutsen nan. Na-Ji ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce bai yarda ba.

Ƙofar gidan ƙarama ce, don haka in Kyaftin zai shigo da baya, Na-Ji ke tsayawa yana ba shi hannu. Wata rana yana tsaye yana cewa, "Hagu, Kyaftin. Karya hagu. Maimaita!"

Kyaftin ya leƙo da kai ta taga ya ce, "Hagu! Na maimaita!"

Ya karya kan mota, sai ji aka yi ƙarau, fitilar baya ta tarwatse a jikin ginshiƙi. Ya fito yana huci. "Kai ka ce hagu!"

"Haguna nake nufi!"

"To ni da nawa hagun nake tuƙi!"

Matar Na-Ji ta fito da tsintsiya da abin kwasar shara, ta miƙa wa mijinta ɗaya, ta miƙa wa baƙonsa ɗaya. Ta ce daga yau motar a waje za ta riƙa tsayawa, kuma kada kowa ya shigo mata falo sai an kwashe gilashin tas, domin jikokinta ba takalmi suke yawo a tsakar gidan.